Ƙusoshin Allon Malama Celina

Kafin masu shayin bakin titin Sabon Tasha su gama hura wuta, Malama Celina Yakubu ta riga ta fito daga gida. Jaka a kafaɗa, doguwar lema a hannu, ko da kuwa sama tas take babu alamar hadari. Mijinta, Baban Comfort, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, shi ke rako ta har bakin titi ya tsayar mata da keke. Kullum maganarsa ga mai keken ɗaya ce: "Kakuri. A ƙofar makaranta za ka sauke ta, ban ce tsallaken titi ba." Matan da ke kasa tumatir a wurin sun mai da su abin tsokana. "Baba, har yanzu amarya ce?" Shi kuwa sai ya ce, "Ku je ku tambayi mazajenku abin da ya hana su."

Idan ta isa makaranta ba ta bi ta ɗakin malamai. Kai tsaye take wucewa ajin 'yan shekarar ƙarshe na ƙaramar sakandare, bakin lemar yana taɓa ƙasa a gabanta, ta jingine ta a lungu, ta kai hannu kan allo. Duk wanda ya zauna a ajin nan ya san allon. Tsohon baƙin katako ne, an jera masa ƙananan ƙusoshi a gefensa huɗu, tsakanin kowace ƙusa da 'yar'uwarta faɗin yatsu biyu. Malama ba ta jan layi da rula. Zare take fiddowa daga jaka, ta goge shi da alli har ya yi fari, ta maƙala shi a ƙusar hagu, ta ja shi zuwa ta dama, ta ɗaga tsakiyarsa da farce ta saki. Fat! Sai ga layi a miƙe sambal.

Da wannan zaren ta koya wa yaran Kakuri da Makera abubuwan da littafi ke kira da dogayen sunayen Turanci. Takan faɗi sunan don jarrabawa, sannan ta juyo Hausa. Ta buga layi a ƙusa ta uku ta kowane gefe, ta sake buga wani a ta shida. "Waɗannan kamar ƙarafan layin dogo ne da kuke tsallakewa kullum. Tazarar da ke tsakaninsu a nan, ita ce tazararsu a Kafanchan. Ranar da suka fara matsowa kusa da juna, ranar jirgi zai sha ƙasa." Sai ta ɗaura zaren daga sama zuwa ƙasa, ta buga wani layin ya ratsa su. "Wannan kuma shi ne katakon da aka gitta a ƙarƙashinsu. Bai karkata hagu ba, bai karkata dama ba. Kusurwa huɗu ya haifar, girmansu ɗaya, digiri casa'in kowacce. Idan ɗaya ta fi ɗaya ko da ƙiris ne, to ba shi ba ne, ƙaninsa ne."

Akwai kuma maganar fensir. "Ku danna shi! Ba gashin kaza kuke riƙe da shi ba." Idan ka kai mata aikinka, sai ta juya takardar, ta bi bayanta da yatsa, ta ce maka layinka na biyu ya sha giya. A bayan idonta Mama Ƙusa muke kiranta. Mun ɗauka duk wannan salo ne irin na tsofaffin malamai.

Ashe ba salo ba ne. Malama Celina ba ta gani.

Wannan watan ta ajiye aiki bayan kusan shekara talatin tana koyar da lissafi, kuma sai a zangonta na ƙarshe aka gane cewa wajen shekara bakwai ke nan ba ta ganin layin da take bugawa. Hawan jinin ido ne. Ya fara cin gefe-gefe, ya bar mata ɗan tsakiya kamar mai leƙe ta ramin makulli, daga baya shi ma ya dushe, sai haske da inuwa. Likitoci sun gaya mata gaskiya, abin da ya tafi ba ya dawowa. Daga ita sai mijinta suka sani. Ta kuma san abin da ake yi wa malamin da jikinsa ya gaza: a ba shi kujera a ɗakin ajiyar littattafai, ya zauna yana sauraron ƙararrawa tana kiran wasu. Wannan kujerar ita ce abin da ta fi tsoro a duniya, fiye da duhun kansa.

Oga Uche, kafintan da ke bayan makarantar, shi ya buga ƙusoshin tun farko. Har yau idan ya tuna sai ya dafe kai. "Ta zo ta ce in jera mata ƙusa a allo. Na ce Madam Ticha, wanki za ki riƙa shanyawa? Ta ce in yi aikina in bar mata nata. Ni kuwa na buga na tafi. Wallahi ko a mafarki ban kawo wannan ba."

Abin da ya tona asirin kuwa kyauta ce. A hutun zango na biyu wata ƙungiya ta kawo wa makarantar fararen alluna masu sheƙi, irin waɗanda ake rubutu a kansu da alƙalami. Shugabar makarantar, Hajiya Jamila Auwal, ta dage cewa na farko a ajin Malama Celina za a kafa shi, don girmamawa. Ranar da aka dawo hutu ta je ta tsaya a bakin ƙofar ajin, tana murmushi, tana jiran ta ga farin cikin tsohuwar.

Malama ta shigo ta wuce ta gabanta, ko gaisuwa babu. Ta jingine lema. Ta kai hannu gefen hagu na allo, yatsunta suka zame a kan sulɓin ƙarfe. Ta ɗaga hannun sama, ta sauke shi ƙasa. Ta taka zuwa ɗaya gefen, ta shafa. Yara suka fara ƙyalƙyala dariya. "Ma, sabo ne! An kawo mana sabo!" Wata yarinya ta taso da alƙalamin allon ta miƙa mata, dab da fuskarta. Malama ba ta karɓa ba. Ta miƙa hannu, amma can gefe, inda babu kowa.

Dariyar ta mutu.

"Wa ya taɓa mini allo?" in ji ta. Taga take fuskanta.

Nan take Hajiya Jamila ta gane. Lemar nan da ba a taɓa buɗewa ba. Zaren nan. Yadda matar nan ke kiran sunan mutum sai bayan ya yi magana. Duk suka taru suka faɗo mata a lokaci ɗaya, har sai da ta kama ƙyauren ƙofa. Ta daure ta ce, "Anti Celina, zo mu je ofis." Sai a lokacin Malama ta juyo wajen muryar.

A ofis Hajiya ta rufe ƙofa, ta kasa zama.

"Anti, tun yaushe?"

"Tun kafin a kawo ki makarantar nan."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Takardun da nake ba ki fa?"

"Gida nake kai su. Baban Comfort yana da idanu biyu, ba abin da yake yi da su sai kallon ƙwallo."

"Na nuna miki hoton jikata a waya, kika ce hancina ta ɗauko!"

"To, ba shi ta ɗauko ba?"

Hajiya ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ta zauna a ƙarshe, ta ce yanzu yara sun gani, kafin la'asar iyaye sun ji, kuma jarrabawar fita ta matso. Dole ta sanar da na sama da ita. Idan kuwa ta sanar, kowa ya san inda maganar za ta ƙare.

Malama ta gyara zama. "Ki sanar, Hajiya. Ban ce ki yi mini ƙarya ba, kuma ban zo neman tausayi ba. Abu biyu nake so. A dawo mini da allona. Sannan ki shigo ajina ki zauna sau ɗaya. Abin da idonki ya gani, shi za ki faɗa musu."

Aka shiga neman allo. Aka same shi a bayan ɗakin mai gadi, an raba shi biyu da zarto, rabi ya zama ƙofar akurkin kaji, rabi an ɗora shi a kan bulo ana zama. Ƙusoshin kuwa an zare su tas. Mai gadi ya rantse cewa shi an ce masa shara ce.

Aka kira Oga Uche. Da aka gaya masa dalili, sai ya tsaya da guduma a hannu, bakinsa a buɗe, yana kallon matar da ya sha yi wa gardama a kan kujerun makaranta. Ya kawo sabon katako, ya shafa masa baƙin fenti, aka kafa shi a gefen farin allon. Malama ta tsaya kusa da shi tana ɗora yatsunta biyu a gefen katakon, shi kuma yana sa ƙusa a inda yatsun suka ƙare. Ya lanƙwasa ta farko, ya lanƙwasa ta biyu.

"Oga Uche, lokacin da ba ka sani ba ka fi iya aiki."

"Madam, tsoro nake ji kar in buge miki yatsa."

"Wancan karon ma yatsun nan ne. Ba sababbi na sayo ba. Buga!"

Ya buga.

Ranar da Hajiya Jamila ta shigo ajin, ta samu wuri a bencin baya ta zauna. Abin da ya fara damunta shi ne shirun. Ajin nan da ake jin hayaniyarsa tun daga bakin titi, yau ko tari babu. Masu jifa da takarda sun naɗe hannu. Da allin Malama ya faɗi ƙasa, yara huɗu suka yi rige-rigen ɗaukowa. Kowa yana lallaɓa ta kamar ɗanyen ƙwai. Hajiya ta ga muƙamuƙin tsohuwar ya ɗaure.

Malama ta ce yau bita za a yi. Ta goge zare da alli, ta ƙirga ƙusoshi da yatsa, ta buga layi na farko. Ta sauko ƙasa, ta maƙala zaren a hagu, ta ja shi dama, ta buga na biyu.

Hajiya ta ƙura wa allon ido. Layin ya karkace. Ba sosai ba, amma duk mai ido ya ga bakinsa na dama ya ɗaga sama, yana neman na farko. Malama ta tsallake ƙusa ɗaya.

Malama ta kakkaɓe hannu ta juyo. "To. Waɗannan biyun, irin na layin dogo ne? Za su yi ta tafiya ba su haɗu ba?"

Yara suka kalli juna, wasu suka waiwayo suka kalli Hajiya. Hajiya ta sunkuyar da kai. A zuciyarta ta riga ta gama: shi ke nan, abin ya ƙare, sai dai a nemi hanyar da za a gaya mata cikin mutunci. Ta yi addu'a kada wani yaro ya kunyata matar nan a gaban jama'a.

"Ba ku ji ni ba ne? Daidai suke?"

"E, Ma," in ji ajin, murya ƙasa-ƙasa.

"Duka kun yarda?"

"E, Ma."

"Hajiya, ke fa?"

Hajiya Jamila, mai digiri biyu, ta buɗe baki ta ji kanta tana cewa, "Ci gaba, Anti."

Malama ta ɗauki dasta ta maka a kan tebur, ƙurar alli ta tashi. Ba a taɓa jin muryarta haka ba.

"Kun ci amanata! Hagu na sa a ƙusa ta takwas, dama na sa a ta bakwai, da gangan, ina sane! Ku da idanunku a buɗe kun ga karkatacce kun ce miƙaƙƙe ne. Don me? Don kada makauniya ta ji kunya? Ranar jarrabawa takardar za ta ji tausayinku ne? Gobe idan ɗayanku ya zama magini, haka zai ga bango ya karkace ya yi shiru don maigidansa tsoho ne? Ni ido na rasa. Ku me kuka rasa?"

Babu wanda ya motsa. Hajiya ta sake sunkuyar da kai. Tun tana 'yar aji uku rabonta da jin irin wannan kunyar.

Can sai wata siririyar murya ta fito daga tsakiyar aji. Vivian ce, yarinyar da ba ta cika magana ba. "Ma, za su haɗu."

"A ina?"

"Idan aka ci gaba da jan su ta dama. Wajen... wajen taga."

"Me ya sa?"

"Tazarar hagu ta fi ta dama."

"To me ya hana ki faɗa tun ɗazu?"

Vivian ta ce, "Ma, kin ba ni tausayi ne."

"Ajiye shi a gida gobe. Zo ki gyara."

Yarinyar ta fito, ta mayar da zaren ƙusa ta takwas, ta buga. Malama ta bi ƙusoshin da yatsa ta tabbatar, sannan ta ce a gitta musu layi a tsaye. Wani daga baya ya yi ihu cewa Vivian ta sa a ƙusar da ba ita ba, wani ya ce ƙarya ne, gardama ta kaure, aka koma ƙirga ƙusoshi da ƙarfi, har Malama ta yi barazanar fitar da mutum biyu waje. Kafin a buga ƙararrawa, ana jin ajin daga bakin titi.

Hajiya Jamila ta sanar da na sama da ita, kamar yadda ta ce. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce malamar ba ta gani, kuma ta ce a ajin nan an yi wa mutum arba'in da wani abu jarrabawa, har da ita shugaba, yarinya ɗaya ce kawai ta ci. Ta ce duk wanda ke son a ɗauke Malama Celina daga aji, ya zo ya zauna a bencin baya tukuna. An yi ta kai da kawowa, wasu iyaye sun zo da faɗa, an turo mutum ya zo ya duba. Wanda aka turo ya zauna darasi ɗaya, ya tashi ya tafi. Ba a kawo kujerar ba. Malama ta kai yaranta har ƙofar ɗakin jarrabawa, ta ƙarasa shekararta a tsaye a gaban allo.

Na ji masu cewa ta yaudari mutane, wai bai kamata ta ɓoye ba. Masu wannan magana su fara gaya mana abin da suka tanadar mata da ta faɗa. Su kuma zo su tambaye mu, mu da muka bi ta hannunta a waɗannan shekarun, ko akwai wanda ta rage wa wani abu. Ba mu san da duhu take koyar da mu ba, don ba ta taɓa bari ya taɓa darasinta ba.

Malama, ke ce kika tashi kowace safiya kika shiga titin Kaduna da keke da okada da ramuka, ba ki ganin ko ɗaya, don kada yaran wasu su rasa darasi. Ke ce kika haddace littafi daga bango zuwa bango, kika mai da yatsunki idanu, kika sha dariyarmu da sunan da muka laƙa miki ba ki taɓa cewa ku dubi halina ba. Ke ce a ranar da aikinki ke rataye, ranar da kowa zai so ya nuna bai taɓa kuskure ba, kika karkatar da layi da hannunki don ki ga ko mu ne muka karkace. Jaruma ba ta wuce haka ba. Mun gode. Allah Ya saka miki, Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya ƙara wa Baban Comfort lafiya da haƙurin karatu.

Ku kuma da kuke karanta wannan, malamai da masu kowace irin sana'a, idan jiki ya fara gazawa ku tuna akwai wadda ta nemi wata hanyar ta ci gaba. Masu riƙe da makarantu da ofisoshi, ku gyara yadda kuke yi, don kada wani ya sake shekara bakwai yana ɓoye ciwonsa saboda tsoronku. Idan kuma kun haɗu da ita a Sabon Tasha, ku gaishe ta da kyau, ku faɗi sunanku. Amma kada wanda ya kuskura ya ce mata "Allah sarki". Za ta tambaye ka kusurwa nawa ce a mahaɗar titin da kake tsaye, kuma gara ka san amsar.